Yarda ce ko Yunwa?

'Yan'uwa, kafin zare ya kai hannun mai saƙa, sai tsohuwa ta gurje auduga, ta yi shiɓa, ta shafa alli a yatsa, ta wuni tana murza mazari. Haka yake a Rawayya, haka yake a Tsafe. Ranar kasuwa mu taya a wulaƙance, ta ce albarka sau biyu, a na uku ta sallama don jikoki na jiran tuwo. Sai mu ce ai ta yarda. To, ita ta yarda, ko yunwa ce ta amsa? A manyan kantunan Gusau ba ma neman ragi, sai a gaban mai rauni bakinmu ke kaifi. Ciniki ya ƙullu, amma fa haƙƙi bai faɗi ba. In za ka saya, lissafa kwanakin da ta yi tana kaɗi. Allah Ya kiyashe mu cin gumin wani.