Marar Iya Mai Tuwo

Idan ana ba da tarihin Kasuwar Kurmi, da Sarki Muhammadu Rumfa ake farawa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Daga nan sai a shiga zancen fatake masu gishiri da kanwa, da dillalan goro, da marinar Ƙofar Mata. Ba kasafai ake tambayar wa ya riƙa ciyar da wannan taro ba. Mata ne, daga lungunan Jakara da Sharifai da Ƙofar Wambai, wasu a rumfar ƙofar gida, wasu daga cikin kulle ta hannun 'yan talla. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tana cikinsu.

Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Bichi. Bayan ta fita takaba ta shigo birni da tukwanenta da muciya da mara, ta kafa murhu a kusa da Jakara. 'Yan dako da masu tura kura da maɗinka su ne masu cin tuwonta, kuma kowa Iya yake ce mata, har wanda ya girme ta.

Girkinta na ƙauye ne, ba ta sauya shi don birni ba. Da kanta take surfa dawa ta wanke, a kai niƙa, ta tankaɗe, ta yi talge da tsaki. Ba ta tuƙi sai talgen ya dahu sosai, don ta ce tuwon da aka yi wa gaggawa ba ya kai gobe. Daddawar kalwa daga garinsu ake kawo mata, man shanu kuwa a wajen Fulani take saye.

Amma abin da ya sa nake tuna ta shi ne 1973. A watan Janairun shekarar aka shigo da naira da kwabo, aka ajiye fam da sule, ko da yake baki bai saki sisi da sule ba. Shekarar kuma ta faɗo cikin farin da ya cinye amfanin gona da dabbobi tun daga Nijar har ƙasar Kano. Dawa ta yi tsada. Masu tuwo da yawa suka bar kuɗi yadda yake, suka rage malmala ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Iya ta ƙi. Mahaifiyata, wadda ke taya ta kwasa a lokacin, ta ce idan ɗan dako ya miƙo sisi ya ce, "Iya, a sa min na kullum," sai ta ce masa, "Ɗan nan, hatsi ya hau, yanzu sule ne. Amma duba, marar ita ce ta jiya." Wanda ba shi da ciko sai ta ce ya zauna ya ci, ya kawo ranar da Allah ya hore masa. Wasu sun kawo, wasu har ta koma ga Allah ba a sake ganinsu ba.

Ta yi asarar masu saye, babu shakka, don mutum ya fi jin zafin ƙarin kuɗi a kan ragin da bai gani ba. Duk da haka, a ganina ita ce ke kan daidai. Ɗan dako da malmala yake auna ƙarfinsa na yini. Idan an faɗa masa kuɗi ya ƙaru, zai san yadda zai yi, ko ya ƙara ɗauko kaya, ko ya haɗa da ƙanzo. Idan kuwa an zaftare masa a ɓoye, kafin la'asar gwiwarsa za ta sage a ƙarƙashin buhu, bai san dalili ba. An ci masa kuɗi, an kuma hana shi yin dabara.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 muke ganin irin wannan ko'ina. Ƙosai ya ƙanƙance, ƙullin gishiri ya rame, wasu masu awo har bubbuga gindin kwano suke yi. Alhali dukanmu mun karanta Suratul Muɗaffifina tun muna makarantar allo.

'Yan'uwana masu tuwo da masu waina da masu awo, kowa ya san kaya sun yi tsada, ba wanda zai ce ku sayar a kan faɗuwa. Ku ƙara kuɗin, ku faɗa wa mai saye baki da baki, ku cika masa ma'auninsa.