Mutum 200 da Suka Bi Absalom

Karatu: 2 Sama'ila 15:1-12

Ɗan'uwana cikin Kristi, ka san yadda abin yake. Wani tsohon shugaban ƙasa ya yi 'yan layuka a Facebook da safe, kafin la'asar sun iso wayoyinmu a Lambara, har cikin zauren WhatsApp na ikkilisiya. Wannan ya ce dattijo ya faɗi gaskiya, wancan ya ce kwaɗayin mulki ne. Na san mawaƙa biyu da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda irin wannan saƙo, alhali mai rubutun bai ma san suna duniya ba.

Laifi ne wanda ya sauka daga mulki ya ci gaba da magana? Ban ce haka ba. Sama'ila ya miƙa ragama ga Saul, duk da haka ya tsawata masa da ya kauce. Obasanjo ya rubuta wa Jonathan buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2013, ya rubuta wa Buhari a 2018, ran 1 ga Janairu 2023 kuma ya fito ya goyi bayan Peter Obi. Maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari wata hanya ya bi. Sojoji suka hamɓarar da shi ran 31 ga Disamba 1983, aka sake shi a 1986, ya dawo gida. Gaskiya ne an haramta masa siyasa a lokacin, amma ko da farar hula suka dawo a 1999 bai nemi kujera ba, har ya rasu a Disamba 2018. Ni dai tasa ta fi kwanta mini. Amma zuciyar kowannensu Allah ne ya sani, kuma ba su ke karanta wannan ɗan littafi ba. Kai ke karantawa.

Dubi Absalom. Yakan yi sammako ya tsaya bakin ƙofar gari, ya tare mai ƙara, ya tambaye shi garinsu, ya nuna masa yana da gaskiya, mai sauraro ne kawai babu a fada. Wataƙila ma ana jinkirin shari'ar da gaske. Ai da tsaba ta gaske ake ɗana wa tsuntsu tarko. Tun 2010, da Jonathan ya sanar da takararsa a Facebook, ƙofar garin nan ta dawo cikin aljihunka.

Aya ta 11 ce ke hana ni barci. Da Absalom zai tafi Hebron, da sunan cika wa'adi ga Ubangiji, mutum 200 daga Urushalima suka raka shi. Gayyatarsu aka yi. Ba su san ƙullin ba, ba su zare takobi ba. To me suka ba shi? Yawa. Duk wanda ya ga ayarin sai ya ɗauka Urushalima ta bar Dawuda.

Za ka ce, “Ba ni na rubuta ba, turawa kawai na yi.” Su ma rakiya kawai suka yi. Saƙon da ka tura da sunanka yake isa, kuma maƙwabcinka Musulmi da ya gani, ikkilisiya yake karantawa, ba kai kaɗai ba. Ka bincika ko tsohon shugaban ne ma ya rubuta? Ka tambayi Ruhu Mai Tsarki ina ayarin ya dosa? Ba na hana ka zaɓe ko ra'ayi. Ka yanki katinka, ka jefa ƙuri'arka. Amma waɗancan 200 sun ɗauka naman hadaya za su ci su dawo. Ba a jima ba Dawuda ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi yana kuka, daga baya mutum 20,000 suka mutu a yaƙin kurmin Ifraimu.

In kai ne ɗaya daga cikin mawaƙan nan biyu, gidan ɗan'uwanka ba nisa. Ajiye wayar, ka je ka gaishe shi kafin sujadar Lahadi.