Katin Gayyata Da Amsarsa A Gidan Mai Bi

Da zarar an kawar da amfanin gona, daga watan Nuwamba har zuwa ƙarshen Disamba, da wuya a sami ranar Asabar da babu ɗaurin aure a majami'u, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Numan zuwa Takum. Kafin kowace irin wannan rana akwai wani zama da ake yi a cikin gida, inda uba da uwa da 'yan kwamitin biki suke ɗaukar takarda da biro su jera sunayen waɗanda za a kai wa kati. An yi addu'a a kan zaɓen miji ko mata, an yi a ranar baiko, amma shi wannan zama ba kasafai ake buɗe shi da addu'a ba, domin ana ganin aikin lissafi ne kawai. Alhali kuwa a kan wannan takarda ce ake yanke wanda iyalin suke ganin girmansa da wanda suka manta da shi.

Kowa ya san yadda jerin yake farawa. Sai an fara neman shugaban taro, kuma sau da yawa aljihunsa ake dubawa kafin halinsa. Daga nan sai babban baƙo, da uban taro, da uwar taro, da waɗanda za su cika babban teburi. Bayan su sai a ɗauko tsohon littafin gudummawa a duba wanda aka je wa da abin da aka kai masa, domin lokacin ramawa ya yi. Ko a bakin mata, kalmar biki kanta tana nufin abin da ake kai wa ƙawa ranar hidimarta, wanda za ta mayar idan ta ɗayar ta taso. Taimakon juna abu ne mai kyau, ya kuma rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai idan shi kaɗai ne ma'aunin rubuta suna, to takardar gayyata ta koma littafin bin bashi.

Ubangiji Yesu ya taɓa wannan wuri daidai, a cikin Luka sura 14. Ranar Asabar ce, yana cin abinci a gidan wani shugaban Farisiyawa, ya kuma lura da yadda baƙi suke rige-rigen wuraren zama masu daraja. Bayan ya gargaɗe su, sai ya juya ga maigidan da kansa, wato mutumin da ya rubuta sunayen. Ya nuna masa cewa wanda ya tsaya ga kiran abokai da dangi da maƙwabta masu hali ya riga ya karɓi ladansa, domin su ma za su kira shi. Ya ambata masa waɗansu mutane iri huɗu da ba su cikin jerinsa: matalauta, da musakai, da guragu, da makafi. Dalilin da ya bayar shi ne ba su da abin ramawa, don haka Allah ne zai biya a ranar tashin masu adalci.

Kada wani ya ɗauka an hana kiran dangi. A bikin Kana ta Galili, a Yahaya sura 2, mahaifiyar Yesu tana wurin, shi da almajiransa kuma gayyatarsu aka yi. Abin da aka tsawata shi ne takardar da babu ko suna ɗaya a cikinta wanda ba a sa ran komai daga gare shi. Sarki Dawuda ya nuna akasin haka a 2 Sama'ila sura 9. Shi ne ya fara tambaya ko akwai wanda ya rage a gidan Saul, aka gaya masa akwai Mefiboshet ɗan Jonatan, gurgu ne, yana zaune a Lodebar. Dawuda ya aika aka ɗauko shi, ya kuma ba shi wurin zama na dindindin a teburinsa. Abin lura a nan shi ne sai da sarki ya yi cigiya. Irin waɗannan mutane ba sa faɗowa a rai da kansu sa'ad da ake jera sunaye, domin ba su da mota, ba su da muƙami, wani lokaci ma ba su da waya.

Akwai wata al'ada da ta fi wannan ciwo. Ana kiran aure a majami'a Lahadi uku, a kowane kira kuma sakatare yakan rufe da cewa iyalai biyu suna gayyatar dukan ikkilisiya. Ranar Asabar jama'a su cika majami'a, 'yan zumuntar mata su yi waƙa har muryarsu ta dushe. Da an tashi zuwa wurin liyafa, sai a tarar da ƙarti a bakin ƙofa suna neman kati. Gwauruwar da ta koyar da amarya a makarantar Lahadi tana tsaye a rana, ana wucewa da wani babban mutum wanda ko sunan ango bai sani ba. Yakubu ya kwatanta wannan a sura 2 ta wasiƙarsa, inda mai zoben zinariya ya sami kujera, matalauci kuwa aka bar shi a tsaye, ya kuma kira abin da sunansa, wato tara. Bulus ma ya tsawata wa Korintiyawa a kan taron da wani yake ƙoshi wani yana jin yunwa.

Gaskiya ne iyaye suna da hujja. Zauren taro yana da iyaka, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin shinkafa da nama da sufuri suka yi tashin da ya girgiza kowane gida. Ga kuma 'yan gayyar soɗi, waɗanda suke bin ƙanshin girki daga zaure zuwa zaure. Ubangiji da kansa, a cikin wannan sura ta Luka, ya yaba wa mai zaunawa ya yi lissafi kafin ya fara gini. Babu laifi iyali su ce ƙarfinsu na mutum 100 ne. Laifin yana wajen furta gayyatar da ba a nufa ba. Wanda ba zai iya ciyar da ikkilisiya duka ba, sai ya roƙi a sanar cewa ana gayyatar kowa zuwa sujadar ɗaurin aure, liyafa kuwa ta iyali ce. Wanda kuma yake son kowa ya zo, filin majami'a da rumfa da abinci iri ɗaya sun fi zauren haya mai kwanon manya dabam, na sauran jama'a dabam. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wanda aka kai wa kati shi ma yana da nasa nauyin, kuma a nan ne masu bi suka fi sakaci. A ƙasan kusan kowane kati akwai haruffa huɗu, RSVP, waɗanda aka gajarta daga harshen Faransa, ma'anarsu kuwa roƙo ne cewa a ba da amsa. A ƙasar nan an mai da wurin wani ƙaramin jerin manyan dangi, har matasa suna ba'a cewa haruffan albishir ne na shinkafa da miya a yalwace. Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya ake buga lambobi a wurin, yau ma katin da kansa ta WhatsApp yake zuwa, amma mutum nawa ne suke kira su ce za su zo, ko ba za su samu zuwa ba?

Misalin babban biki da Yesu ya bayar a wannan teburi ba zai fito sosai ba sai an san cewa a wancan zamani sau biyu ake kira. Akan fara sanar da baƙi su amsa, maigida ya yanka dabba gwargwadon yawansu, sa'an nan idan abinci ya nuna a aiki bawa ya kirawo su. Ana ganin haka a littafin Esta: a sura 5 ta gayyaci sarki da Haman zuwa liyafar kashegari, a ƙarshen sura 6 kuma fadawa suka zo suka tafi da Haman. Saboda haka mutanen nan uku, mai sabuwar gona, da mai shanun huɗa guda 10, da sabon ango, sun riga sun amsa tun farko. Sai da tukunya ta sauka suka kawo uzuri. Abin da ya fusata maigidan ke nan.

Irin wannan yana faruwa kowace Asabar. Mutum ya karɓi kati da hannu biyu, ya ce sai an gan shi in Allah ya yarda, alhali ya san ranar yana wani gari. Ya sa sunan Allah ya zama mayafin abin da kunya ta hana shi faɗa. Wani kuma an rubuta sunansa shi kaɗai, sai ga shi da mutum biyar. A ce iyali sun raba kati 200 ba wanda ya amsa: ko dai su ci bashi su dafa na mutum 400 a zubar da rabi, ko su dafa daidai abinci ya yanke a tsakiyar taro, irin kunyar da ta kusa sauka a kan angon Kana. Sababbin ma'aurata da yawa sun shiga ɗakinsu da bashin abincin mutanen da ba su zo ba. Matiyu 5:37 ya bukaci i ɗin mai bi ya tsaya a kan i, a'a ɗinsa kuma a kan a'a, bai kuwa ware katin biki ba. Manzo Bulus ya ɗauki wannan da nauyi ƙwarai. Da ya sāke shirin ziyararsa zuwa Koranti, bai yi shiru ya bar su suna zato ba, sai da ya rubuta musu dalilinsa a 2 Korintiyawa sura 1. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya kira tun da mako biyu ya ba da haƙuri ya fi wa mai biki amfani a kan wanda ya amsa da fara'a ya bar kujera ba kowa.

Kujerun da amsar gaskiya ta fitar kuwa suna da masu su. A cikin misalin, bawan ya dawo ya faɗa wa ubangidansa cewa da sauran wuri, aka kuma sāke aikensa har bayan gari. Kafin a kai takarda wurin mai buga kati, yana da kyau a nuna ta ga fasto ko shugabar zumuntar mata, domin su ne suka san gwauraye da marayu da tsofaffin da ƙafa ta hana su fita, da iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu suke zaman haya a gefen gari. Irin waɗannan ba a tura musu saƙo ta waya. Ɗan gida ne zai kai musu katin hannu da hannu, da sunansu a rubuce a bayan ambulan, ya kuma faɗa musu ƙarfe nawa mota za ta zo ɗaukarsu, da wanda zai mayar da su gida in an tashi.