Ɗana, Ka San Mudunka

Ɗana, matso kusa. Ke ma 'yata, jawo kujera. Maganar kuɗi zan yi, kuma na san in dattijo ya ɗauko maganar kuɗi a ikilisiya kowa sai ya dafe aljihu, yana zaton wani asusu za a buɗe. Ku kwantar da hankalinku, yau ba farantin baiko na zo da shi ba.

A ikilisiyar da na daɗe ina hidimar dattijo akwai wata gwauruwa mai yara huɗu, tana toya ƙosai a bakin tasha. Ita ke ɗaga waƙa a Zumuntar Mata, in ta rungumi tulu tana bugawa har tsofaffi sai sun miƙe. Sai muka daina ganinta. Lahadi ɗaya, biyu, har wata guda. Na je gidanta da yamma, na tarar tana tsince wake a faifai. Bayan mun gaisa na tambayi lafiya. Ta daɗe ba ta ɗago kai ba, sannan ta ce, "Baba, anko uku aka fitar bana. Na farko na saya da kuɗin wake. Na biyu ya fi ƙarfina. Ranar da na je da tsohon zanena, aka ce marasa anko su koma baya saboda hoto." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuwa bakina ya mutu, don a hoton nan ina sahun gaba da sabuwar babbar riga.

Tun ranar nake rarrabe talauci gida biyu. Akwai wanda ke faɗo wa mutum kamar fari, bai kira shi ba, bai zaɓe shi ba. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi wa wannan kirari ba. Shari'ar Musa ta hana manomi share gonarsa ƙarƙaf, don maraya da gwauruwa da baƙo su sami kala, kuma da kalar nan Rut ta ci da surukarta a gonar Bo'aza. Annabi Amos ya yi ta tsawa a kan masu tauye mudu suna tattake matalauta. Saboda haka kada in ji ka tsaya gaban mai kwana da yunwa kana yi masa wa'azin wadatar zuci. Shi abinci yake bukata, da kuɗin makarantar yara, da aikin yi.

Na biyun shi ne na mutumin da yake da shi, ya dubi abin hannunsa ya ce wannan ya ishe ni, sauran na wani ne. Wa'azin wannan kai ake yi wa, mai albashi, mai shago, mai motar da ake wankewa kowace safiyar Lahadi. Ni ma ni ake yi wa.

Magabatanmu cikin bangaskiya sun ɗauki abin da zafi. A Masar, wajen shekara ta 270, wani saurayi mai suna Antoni ya gaji gonaki masu yawa. Ya shiga sujada ya ji ana karanta labarin saurayin nan mai dukiya na Matiyu sura 19, wanda Yesu ya ce ya sayar da mallakarsa ya ba matalauta. Antoni ya ji kamar da shi ake. Ya bar wa mutanen ƙauyensu gonakin, ya sayar da sauran kaya ya rabar, ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu amintattun mata masu ibada, ya nufi hamada. A Italiya kuma, Faransis na garin Asisi, ɗan babban ɗan kasuwar yadi, da mahaifinsa ya kai ƙararsa gaban bishop kan dukiyar da ya ɗiba don gyaran wata tsohuwar majami'a, sai ya tuɓe tufafin jikinsa ya mayar wa uban. Har ya rasu a 1226 bai sake mallakar komai ba. Sunansa ne Fafaroma Faransis ya ɗauka a 2013, shi ma ya bar fadar da magabatansa ke zama ya tare a masaukin baƙi.

To, ban ce ka je ka tuɓe riga gaban fasto ba. Kana da mata da yara, kuma Bulus ya gaya wa Timoti sarai cewa mai bi da ya ƙi kula da iyalinsa ya musanta bangaskiyarsa. Wanda ya fi dacewa da mai iyali shi ne lissafin Jon Wesli, wanda ya kafa tafarkin Metodis a Ingila. Ya ba da labarin wani saurayi a jami'ar Oksfod, masu rubuta tarihinsa kuma sun ce kansa yake nufi. Saurayin yana samun fam 30 a shekara, fam 28 ke riƙe shi, sai ya ba da 2. Shekara ta zagayo ya sami 60, ya ci 28 ɗinsa, ya ba da 32. Da ya sami 90 ya ba da 62, da ya sami 120 ya ba da 92. Ka lura da abin da bai motsa ba a lissafin nan. Ya auna mudun cikinsa sau ɗaya, samu ya yi ta ƙaruwa, mudun yana nan yadda yake. Mu kuwa da an ƙara mana albashi sai mudun ya zama tiya, tiya ta zama buhu, wata bai kai ashirin ba muna neman rance.

Wannan shi ne abin da nake roƙonka. Ku zauna da mai ɗakinka, ku rubuta abin da gida ke ci: hatsi da cefane, haya, makaranta, asibiti, ɗan abin da za a ajiye don ranar tsiya, da haƙƙin iyaye a ƙauye. Kada ku matse kanku, rowa ba ibada ba ce, kuma na san masu yawo da yagaggen takalmi alhali kuɗi na ruɓa a asusunsu, ba mai cin ko sisi. Amma in kun gama lissafi, abin da ya yi saura ku tambayi Ubangiji tukunyar wa ya nufa da shi. In ragin da ka yi bai sauka a tukunyar kowa ba, adashi kawai ka yi da kanka.

Bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wato cikin majami'a. Mun mai da ƙaddamar da asusu gasa. Ana kiran suna da lasifika, ana faɗin adadi, ana tafi gwargwadon nauyin ambulan. Mai naira ɗari biyu a ƙulle a bakin zane sai ta ji kunyar tashi. Yakubu, a wasiƙarsa, ya tsawata wa ikilisiya kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba a bar matalauci a tsaye, mu kuma har kujeru masu laushi muka saya don manyan baƙi. Ka tuna Hananiya da Safiratu, da suka sayar da gona suka ɓoye wani kashi na kuɗin. Bitrus ya gaya wa Hananiya gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta shi. Son a gan su ne ya kai su ga ƙarya.

Sai masu cewa ka shuka iri a hannunsu ka girbe mota, in kuwa kana cikin rashi to bangaskiyarka ce ta gaza. Suna son labarin gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a Haikali. Ka buɗe Markus sura 12 ka karanta abin da ya zo kafin labarin kaɗan. Yanzu-yanzu Yesu ya gama la'antar malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a. Wanda ya karɓe jarin mai ƙosai da sunan iri, ya duba da kyau ko a wane gefen labarin yake tsaye. Haka kuma dattawan da ke barin mai bishara a ƙauye wata uku ba albashi, suna cewa ladansa na sama, alhali ana sa wa ofishin gunduma tayil. Wannan zalunci ne, a daina lulluɓe shi da ayoyi.

Biki da jana'iza kuwa, Allah ya kyauta. Na ga an yanka sa a zaman makokin mutumin da ya mutu don an rasa kuɗin magani. Na ga ango ya shekara biyu yana biyan bashin wuni ɗaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ba daga nesa muka ji wannan tafarki ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta faro ne a Garkida a 1923, sujadarta ta farko a gindin tsamiya aka yi, kuma 'yan mishan da suka kawo ta sun fito daga ikilisiyar da aka sani da sauƙin tufafi da sauƙin ɗakin sujada. A 2014, da Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi ta ƙone majami'u masu yawa, jama'a suka watsu zuwa Yola da Jos da Kamaru. Gine-gine sun tafi, ikilisiya ba ta mutu ba. Abin da ya riƙe ta shi ne gidajen talakawa da suka buɗe ƙofa, aka shimfiɗa tabarmi har tsakar gida, tukunyar mutum shida ta ciyar da ashirin.

Gwauruwar nan mai ƙosai ta dawo bayan wata biyar, da muka tsayar anko ɗaya ne a shekara, kuma wanda ba shi da shi ba mai ɗaga shi daga wurinsa. Ta karɓi tulunta, amma har yau a bencin baya take zama.

Ɗana, 'yata, Lahadi mai zuwa kafin a sa albarka, ku waiwaya ku ƙirga wanda ya daina zuwa. Ku nemi gidansa kafin rana ta faɗi, kuma kada ku je hannu rabbana.