Cuku da Amanar Mai Yinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tawa ko a tashar Abalak, ya ga matan Buzaye da na Fulani sun jera cuku a kan faifai, busasshe, shimfiɗaɗɗe kamar fallen takarda, har ya sayi ɗaya ya gutsura da shayi, to, ko ya sani ko bai sani ba, ya sa ƙafa cikin wata mas'ala wadda fukaha'u suka daɗe suna saɓani a kanta. Dalili kuwa shi ne, madara ba ta daskarewa ta zama cuku sai an zuba mata wani abu, kuma abin da matan arewacin Nijar ke zubawa shi ne wanda malamai ke kira infaha, watau abin da ake cirowa daga cikin ɗan akuya ko ɗan rago mai shan nono, a shanya shi a adana.

Idan dabbar yankakkiya ce, babu magana. Amma idan mushe ce, Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun tafi a kan najasar infahar, har Malik ya ƙi cukun Majusawa saboda wannan illa, alhali kuwa Abu Hanifa yana ganin tsarkinta. Sa'an nan ga ruwayar Abu Dawud cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cuku a Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan al'amari shi ne, mai ci ba shi da ikon ganin abin da ya gudana a ruga, domin ba ya nan sa'ad da aka yanka ɗan akuyar, ba ya nan da asuba sa'ad da aka tatsi saniya, aka tace madara, aka baza gudajinta a kan 'yar tabarma aka kai rana. Duk wannan gaibu ne a gare shi, kuma halaccin lomar da ya kai baki ya rataya ne a wuyan wata baiwar Allah wadda bai san ko sunanta ba. Shari'a ta yarje masa ya kyautata zato ga Musulma 'yar'uwarsa, ita kuwa aka ɗora mata amana, kuma a ganina nata nauyin ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Ga kuma wata hikima a kudu, inda Fulanin Ilori ke yin wara, na arewacin Binin da Gana ke yin wagashi, har su rina shi ja da karan dafi. Su da tumfafiya suke aiki, tsiron da iyaye ke hana yara taɓa farin ruwansa don kada ya shiga ido. Sai ga shi mace ta daddaka ganyensa, ta tace cikin madara mai ɗumi daidai gwargwado, ta zauna gaban murhu tana rage wuta har farin guda ya taso, ta kwashe cikin 'yan kwanduna. In ruwan ganyen ya yi yawa cukun ya yi ɗaci, in ya gaza madara ta ƙi kamawa, kuma wannan ma'auni ba ya cikin kowane littafi, daga uwa 'ya take karɓarsa.

Lalle yana ɓata mini rai in ga mutum ya tsaya yana taya wa irin wannan mace kayanta da wulaƙanci, yana neman ragin da ba zai iya nema a kanti ba. Ya kai mai karatu, ranar da ka tsaya gaban faifanta, ka yi mata sallama, ka biya ta farashinta cikakke, ka ce mata sannu da aiki.