Halittar Teku ta Takarda da Tambayar Sura

Ruwan da ke ratsa gonakin Kura da Bunkure daga madatsar Tiga yake tahowa, wadda aka fara ginawa zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Yaran da nake koyarwa a aji uku na firamare a bakin wannan ruwa suka tashi. Sun san tarwaɗa da karfasa, sun san matsattsaku, wasunsu ma sun san tsargiyar da wanka a kanal ke jawowa. Teku kuwa sai a bakin malami. Shi ya sa idan muka zo darasin halittun ruwa nake sa su yi oktofas da takarda, wato halittar nan ta teku mai hannu takwas.

Aikin ba wuya. A ninke falle ɗaya sau uku ta fuska guda, a warware, sai layukan ninki su raba shi gida takwas. Nan yaro ya ga biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas, ba da alli ba. A bi layukan da almakashi zuwa rabi, a naɗe takardar kamar bututu, a manne da ɗan kullun sitaci, a tsuke sama ya zama kai, a nannaɗe kowane hannu a jikin fensir ya lanƙwashe. Japanawa ne suka yi fice a ninkin takarda, kuma Bajamushen nan Furobel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a 1840, ya sa shi cikin abin da yara za su riƙa yi da hannu.

Kakan wata ɗalibata, manomin shinkafa da ya sha karatun zaure, ya tare ni a ƙofar makaranta. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Malama, ba ƙorafi na kawo ba. Jikata ta shigo mini gida da wani abu mai ido biyu. Gobe kiyama in an ce ta hura masa rai, wa zai tsaya mata, ni ko ke?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni lokaci."

Duk wanda ya ɗauki wannan tambaya a matsayin duhun kai bai san addininsa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa za a azabtar da masu yin surori, a nemi su raya abin da suka yi. Da wani mai sana'ar sura ya zo wa Ibn Abbas, shawarar da ya samu ita ce ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya sun tsefe mas'alar: abin da suka haramta shi ne surar mai rai idan tana da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, ba zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa ba. Shehu Dardiri, a sharhinsa na Muhtasar, ya kai hanin har kan surar da aka yi da abin da ba ya daɗewa, irin ɓawon kankana. To oktofas ɗinmu yana da inuwa, hannayensa takwas cif. Ba zan ɓoye wannan don in ci gardama ba.

Amma littattafan da suka kawo hanin su ne suka kawo 'yan tsanar Nana A'isha, waɗanda take wasa da su ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ruwayar da ta fi taɓa ni ita ce ta Abu Dawuda. Manzon Allah ya ga wani doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har turamensa suka bayyana. Ga dabba mai jiki, wadda ma babu irinta a bayan ƙasa, a cikin ɗakin da Jibrilu ke sauka, kuma abin da yarinyar ta samu shi ne dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ce sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har rana ta faɗi. Alƙali Iyadu ya tabbatar da rangwamen 'yar tsana ga 'yan mata. Akwai malaman da suka ce hanin ya shafe wannan rangwame, akwai kuma waɗanda suka faɗaɗa shi ga yara maza, kuma ni a nan zuciyata ta natsu.

Dalilina shi ne abin da hanin yake karewa. Gumakan da aka ambata a Suratu Nuhu, su Waddu da Suwa'u, Ibn Abbas ya ce sunayen mutanen kirki ne da aka kafa musu alama don tunawa, zamani ya shuɗe aka bauta musu. Tsoron farko ke nan, girmamawa. Na biyu shi ne mai yi ya ji kansa kishiyar Mahalicci. Wane girma oktofas na takarda ke samu? Kafin la'asar ƙanin mai shi ya cire masa hannu, ko akuya ta cinye. Mu nan muna kafa mutum-mutumi a gonar shinkafa don korar jan-baki, yaranmu suna ƙera shanun laka a bakin kanal su bar wa rana, ban taɓa jin wanda ya rusuna musu ba.

Tsoro na biyu kuwa, abin da nake gani a aji akasinsa ne. Sai sun gama, kowa yana taƙama da nasa, nake gaya musu yadda na gaskiya yake: zuciya uku gare shi, jininsa shuɗi, ba ƙashi a jikinsa, yana kurɗawa ta ramin da bai kai girman kansa ba, yana sauya launi ya saje da dutse, in an biyo shi ya fesa baƙin ruwa ya ɓace. Sai yaro ya dubi na hannunsa, wanda ya sha wuya kafin hannu takwas su daidaita, ya ce, "Malama, namu ko motsi ba ya yi." Yaron da bai taɓa ƙera komai ba ba ya jin nauyin wannan tazara, ana faɗa masa ne kawai ya haddace. Ko tsuntsun yumɓun Annabi Isa, Alƙur'ani ya jingina tashinsa ga izinin Allah. Ina so yarana su gane iyakar hannun ɗan Adam ta hanyar amfani da hannun, kuma ina jin ciwo idan na ga an ɗaure hannun yaro da sunan tsoron Allah.

Na kai wa dattijon nan abin da na samu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, 'yata. Amma tawa a bar ta ta yi kwale-kwale." Yana da Ibn Abbas a bayansa, don haka kwale-kwale take ninkewa, ita da duk yaron da iyayensa suka zaɓi haka, ba a rage wa kowa maki. Ba na rataye na sauran a bangon aji, kuma wanda ya so ya bar nasa ba ido ya bari.

Inda nake tsanantawa wani wuri ne daban. Takarda ta yi tsada, yara kan kwaso duk fallen da suka samu a gida, wani lokaci har da yagaggen shafin littafin Islamiyya mai aya ko sunan Allah. Wannan babu saɓanin malamai a kansa. Kafin almakashi ya taɓa komai sai na duba kowane falle gaba da baya, mai aya in ware shi, in sa yaron ya mayar wa mahaifiyarsa ta adana.