Labulen da Allah Ya Tsage

Karanta Matta 27:50-51 da Ibraniyawa 10:19-22.

'Yan'uwa cikin Almasihu, a haikalin Urushalima akwai wani labule wanda ya tsare Wuri Mafi Tsarki. Ba mai wuce shi sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, da jinin hadaya a hannunsa. Sa'ad da Ubangijinmu ya ba da ransa a kan gicciye, labulen nan ya tsage biyu, daga bisa kuwa tsagewar ta soma. Cikin shekara ta 70 Romawa suka rushe haikalin kansa, manzanni kuwa ba su umarci kowa ya gina wani ba.

Abin da ya sa muka ta da zancen nan shi ne wata jama'a daga Amurka wadda aka fi sani da sunan Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsu sun roƙa a daina kiransu haka. Suna da haikali a Accra ta Ghana tun 2004, da wani a Aba ta Nijeriya tun 2005. Mai zuwa ciniki ko makaranta a kudu yana iya gamuwa da samarinsu, biyu biyu, da fararen riguna. Mutane ne masu ladabi, ba su shan giya ko taba, suna kuwa taimakon matalautansu. Kada a ji ɗan ekklesiya yana zaginsu. Amma koyarwarsu a kan haikali ta isa a gwada ta da Maganar Allah, gama suna cewa ba mai kai ga matsayi mafi ɗaukaka a sama sai ta ƙofar haikalinsu.

Sai mu bambanta abu biyu. Ran Lahadi a majami'unsu suke sujada, kowa yana iya shiga. Haikali dabam ne. Bayan an keɓe shi, ba mai shiga sai ɗan jama'arsu wanda shugabanni suka yi masa tambayoyi suka ba shi takardar izini. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce ko yana ba da cikakkiyar zakka, watau kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu.

Da fari ba haka abin yake ba. Joseph Smith ya kafa jama'ar cikin 1830. Haikalinsu na fari, wanda aka keɓe a Kirtland ta jihar Ohio cikin 1836, ɗakin taro ne. Ana wa'azi a ciki, ana waƙa, ana makaranta a bene. Ba a yi baftisma domin matattu a can ba. Wannan koyarwa sai cikin 1840 ta fito, bayan sun koma garin Nauvoo, a kogi ma aka fara yinta kafin a sassaƙa kwarmin baftisma bisa siffofin shanu 12. Cikin watan Maris na 1842 Smith ya shiga ƙungiyar asiri ta Firimason. Cikin watan Mayu, wata biyu bai cika ba, ya koya wa waɗansu abokansa wata sabuwar hidima wadda suke kira baiwa, mai alamu na hannu, da sabon suna, da alkawarin rufe baki. Masu binciken tarihi, har da waɗansu na cikinsu, sun lura da kamannin da ke tsakanin biyun. Daga nan ɗakin taro ya zama gidan hidimomi na ɓoye, haka kuma babban haikalinsu na Salt Lake ya tashi, wanda aka shekara 40 ana gininsa, daga 1853 zuwa 1893.

Hidimomin nan ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Dā ana ɗaura wa mutum ɗaya aure da mata da yawa, ana cewa auren har abada ne, sai cikin 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya ba da sanarwar barin wannan. Har 1990 masu karɓar baiwa suna yin alamun irin mutuwar da za su yarda su yi da su tona asirin. A shekarar nan aka cire su. Cikin 2019 aka cire alkawarin da mata suke yi na sauraron mazansu. Tsoho da jikansa sun shiga haikali ɗaya, amma rantsuwarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai wani sāke wanda ya shafe mu ƙwarai. Cikin 1852 Brigham Young, wanda ya gaji Smith, ya yi shela cewa baƙar fata, zuriyar Afirka, ba za su riƙe aikin firist ba. Ana yi musu baftisma, ana karɓar zakkarsu, amma maza da mata an hana su baiwa da auren haikali. Shekara 126 ke nan ƙofar tana rufe, sai cikin watan Yuni na 1978 shugabansu Spencer Kimball ya ce an yi masa wahayi a buɗe ta. Cikin 2013 jama'ar da kanta ta rubuta cewa ta yi watsi da tsohuwar koyarwar nan mai cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Mun gode da suka faɗi haka. Amma ku tuna da Habashin nan na Ayyukan Manzanni sura 8, wanda Filibus ya yi wa baftisma a bakin hanya. Ya koma ƙasarsa da murna, ba abin da aka rage masa sai wani zamani. Idan ƙofar haikali ita ce ƙofar ɗaukaka, wa ya ba mutum iko ya rufe ta ga kakanninmu har shekara 126? In kuwa kuskuren shugabanni ne ya rufe ta, da me za mu tabbata ba kuskure cikin sauran abin da suka koyar a bayan labule?

Su dai amsarsu ita ce Allah yana ci gaba da magana ta bakin annabinsu mai rai, kuma abin da ke cikin haikali mai tsarki ne, shi ya sa ba a zancensa a waje. Amma sa'ad da babban firist ya tambayi Yesu a kan koyarwarsa, ya amsa cewa a fili ya yi magana, a majami'a da haikali inda kowa yake taruwa. Hadayun haikalin Sulemanu ma duk a rubuce suke cikin Attaura, kowa yana iya jin yadda ake yinsu. Mutumin da ya ɗauki alkawari kafin ya ji dukan abin da ke ciki, cinikin biri a sama ya yi.

Yanzu haikalin ya zama babbar hanyarsu ta kafuwa a ƙasashe. Cikin 1997 suka soma gina ƙanana domin su kai kusa da mutane, cikin 2000 suka cika 100. Russell Nelson, wanda ya shugabance su daga 2018 har rasuwarsa cikin 2025, ya sanar da ginin wajen 200. Yawancin aikin da ake yi a ciki domin matattu ne, a nan kuwa gwajin yake da ƙarfi a gare mu. Da yawa cikinmu muna da uwa ko uba ko kaka da suka rasu ba su karɓi Bishara ba. In baƙo ya zauna a zaurenka ya ce, kawo sunan mahaifiyarka, za a nutsar da wani cikin ruwa a madadinta, ta sami dama a lahira, wace zuciya ce ba za ta motsu ba? Zai kuwa buɗe maka 1 Korintiyawa 15:29. Karanta surar duka. Bulus yana gardama ne da masu musun tashin matattu, ya ambaci waɗansu masu yin wannan al'ada domin ya nuna aikinsu ya saɓa wa musun. Bai ce shi yana yi ba, bai umarci ekklesiya ta yi ba, ba kuwa wani wuri cikin Littafi da ya sāke ambatonta. Ibraniyawa 9:27 ya sa shari'a a bayan mutuwa, labarin mai arziki da Li'azaru kuma ya nuna rami wanda ba a ƙetare shi. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye, ba a yi masa baftisma ba, ba wanda ya yi dominsa, duk da haka Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Ba mu da iko mu faɗi inda kowane mamaci yake. Suna hannun Mai shari'ar dukan duniya, wanda ya san hasken da kowa ya samu, ba ya kuwa zalunci. Hawayen da muke yi dominsu, mu kai su ga ƙanen uba da gwaggo waɗanda suke da rai tukuna.

In samarin nan sun yi sallama a ƙofarka, ka ba su tabarma da ruwa. Sa'an nan ka tambaye su da hankali: me ake yi a haikali wanda jinin Almasihu bai gama ba? Me ya sa ba a yi shi a Kirtland ba? Kakana, da ya je cikin 1970, da an bar shi ya shiga? In sun ba ka littafi ko sun nemi sunayen matattunka, kada ka ba da amsa a ranar. Ka kai maganar wurin fasto da dattawa, ku buɗe Ibraniyawa sura 9 da 10 ku karanta tare.